Tagogin da aka toshe

A ƙarshen zangon nan zan bar aikin kula da ɗakunan kwanan ɗalibai. Duk wanda ya yi aiki a makarantar kwana ya san ƙirgen dare da rabon sabulu da rigimar firifet, ba sai na tsaya a kansu ba. Magana ɗaya ce ta tsaya mini a rai, kuma ta gini ce.

Makarantarmu tsohuwa ce, tun zamanin En'e. Wanda ya taɓa shiga tsohon ginin Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, ya san yadda mutanen da suke wa zafi dabara: bangon ƙasa mai kauri, rufi can sama, ko rana ta take a watan Afrilu ciki da sanyi. Namu ɗakunan na bulo ne da kwano, amma magina ba su yar da wannan hikimar ba. Dogaye ne, da baranda gaba da baya, kowace taga tana fuskantar 'yar'uwarta don iska ta ratsa ta wuce. An ba kowane gida tazara daga maƙwabcinsa, an dasa darbejiya a tsakani, an kai masai can gefen da iska ba za ta kwaso wari ba. Babu abin da aka ajiye a banza.

Da 'yan bindiga suka kwashe ɗaliban makarantar Ƙanƙara a Disambar 2020, sannan na Kagara da na Jangebe a Fabrairun 2021, hankalin kowa ya tashi, kuma tsoron na gaskiya ne. Shugaban makarantarmu na lokacin ya ba da umarni a rufe gidajen da ke kusa da daji, a tattaro yaransu cikin na tsakiya. Aka toshe tagogin baya da bulo, aka sa wa na gaba ƙarafa, aka ce da an yi isha'i a garƙame ƙofa da kwaɗo ta waje. Ɗakin da aka tsara wa gado ɗaya-ɗaya ya koma gadaje masu hawa biyu, yara bibbiyu a katifa, wasu a ƙasa tsakanin akwatuna. Duk wannan kuwa katangar baya tana kwance tun daminar da ta wuce, har awaki na shigowa ta nan.

A tsakanin nan ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta kawo gudummawar gyara. Na rubuta takarda na kai ofis da hannuna. Na nemi a ta da katanga, a buɗe tagogi, a gyara gidajen da aka rufe. Na ce wa shugaban, "Ranka ya daɗe, bazara na tafe. Mun ga abin da sanƙarau ya yi a 1996, mun ga na Zamfara a 2017. Cunkoso da rashin iska su ne abincinsa." Bai ko ɗaga kai ba ya ce, "Malam, kai malamin lissafi ne ko injiniya? Iyaye ƙofa suke gani." Kuɗin ya tafi ga sabuwar ƙofar shiga mai tayil, da fentin babban zauren taro, da silin ofishinsa.

A watan Maris wani yaro ɗan aji biyu ya tashi cikin dare da zazzaɓi mai zafi, wuyansa ya sanƙare. Sai da 'yan ɗakin suka yi ta dukan ƙofa kafin maigadi ya ji. Ɗakin shan magani a kulle, nas ɗin tana kwana cikin gari, motar makaranta ba mai. A kan mashin ɗina muka kai shi babban asibiti, hedboi na riƙe da shi ta baya. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma ya rasa jinsa. Yaro ne mai son karatu, har yau idan na tuna yadda yake kallon bakin mutane yana neman gane magana sai zuciyata ta karye.

Kafin kwamitin ma'aikatar ilimi ya iso, aka kira birkila cikin dare ya fasa bulon tagogin, aka shafa farar ƙasa. Da aka buɗe fayil, takardata ba ta ciki. Ni aka ba takardar tuhuma, wai na yi sakaci na bar yara a cunkushe. Malaman da suka ji maganarmu da kunnuwansu suka sunkuyar da kai, kuma ban ga laifinsu sosai ba, kowa da iyalinsa. Ƙarin girmana ya tsaya, shugaban kuwa aka ɗaga shi zuwa hedkwata. An ce in yi haƙuri, na yi. Yafiya dai ban kai gare ta ba tukuna.

Don haka duk takardar da za ka kai ofis a kan rufi mai yoyo, ko waya mai tartsatsi, ko masai da ya cika, ka yi ta biyu, a buga wa taka hatimi da kwanan wata, ka kai ta gida. Kada ka yarda a kulle yara ta waje, ko wa ya ba da umarnin, domin ranar da wuta ta tashi ba wanda zai tuna inda makulli yake. Tun daga wancan lokaci ban sake bari an yi ba, kuma ba a sake fitar da yaro ranga-ranga daga gidajen da nake kula da su ba, alhamdu lillahi.

Sauran darussan gajeru ne. Idan kana son sanin halin makaranta, zagaya bayan kicin da wajen masai kafin ka shiga ofis. Rijiyar burtsatse ɗaya ba ta riƙe makarantar kwana, ranar da famfonta ya ƙone yara za su bazu cikin gari da bokitai. Ka girmama maigadi da masu dafa abinci, su suke fara sanin abin da ya lalace. A duba kwano da magudanar ruwa tun kafin ruwan farko.

Katangar baya har yanzu ba a ta da ita ba. Bulon da aka fasa daga tagogin yana jibge bayan sito, mai kyau a cikinsa zai isa a fara daga kusurwar da ke kallon daji.