Kwaɗon malloc

Talata, bayan isha'i

Kwana uku ke nan allon STM32 ɗin nan, 'yar ƙaramar kwamfutar da ake sa wa a cikin na'urori, yana wahalar da ni. Sai ya yi awa biyu ko shida yana aiki lafiya lau, kwatsam ya faɗa HardFault, wato babban kuskuren da ke tsayar da manhaja, ya sandare. Yau da safe ma haka na tarar da shi, 'yar koriyar fitilarsa ta daina ƙiftawa.

Da na bi sawu, sai na ga a cikin _malloc_r ya mutu, wato cikin malloc, mai ba manhaja gurbi a ƙwaƙwalwa. Abin ya ɗaure min kai, don a sanina aiki ɗaya tak ne a manhajar ke neman gurbi a ƙwaƙwalwa. Ina ta zazzare ido har azahar, abokin aikina ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Malam, printf ɗin nan mai %f fa?" Ashe nan gizo ke saƙa. A newlib, tarin shirye-shiryen harshen C da nake amfani da shi, printf, mai buga rubutu, kan kira malloc a ɓoye idan zai mayar da lamba mai ɗigo rubutu, aikin %f ke nan. To ga aikin da ke buga ma'aunin zafi, ga mai haɗa saƙonni, FreeRTOS, mai raba wa ayyuka lokaci, na karɓe dama daga wannan ya miƙa wa wancan, ko da malloc na tsakiyar ɗaure jerin guraben da ba kowa. Hannu biyu a akushi ɗaya.

Newlib ya tanadi __malloc_lock da __malloc_unlock tun tuni, don kulle malloc da buɗe shi. A ginin da nake amfani da shi fanko ne, ni ya kamata in cika su. Ban karanta ba, laifina ne.

Cikin zumuɗi na saka mutex na yau da kullum, wato kwaɗon da ke barin aiki ɗaya kawai ya shiga. Minti biyar bai yi ba allon ya tsaya cik. Dalili: realloc, mai canza girman gurbi, ya kulle ƙofa, ya kira malloc daga ciki, shi kuma ya tsaya jiran makullin da ke aljihunsa. Dole kwaɗon ya yarda mai riƙe da shi ya sake shiga. Na koma kan vTaskSuspendAll da xTaskResumeAll, masu dakatar da sauya ayyuka da maido da shi, dabarar da fayil ɗin heap_3.c na FreeRTOS ke bi, tunda suna ƙirga sau nawa aka shiga. Ba ta burge ni sosai ba, don duk ayyuka sai sun dakata kafin malloc ya gama, kuma ba ta hana katsalandan ɗin ISR, ɗan shirin da ke katse aiki idan na'ura ta yi kira. Na dai duba, babu printf a can.

Tun la'asar yake gudu. Na jona shi da batir saboda wuta, sai da safe in leƙa fitilar.