Kunnen ɗan gidan kiɗa a sana'ar hayar kayan sauti

Cikin masu ba da hayar kayan sauti a Gombe, daga Jekadafari zuwa Bolari da Pantami, ba wuya a gane wanda ya tashi a gidan kiɗa, ko ya yi amshi, ko ya sha yawon tashe yana yaro. Mu masu ɗaukar yara aiki irinsa muke nema, ko da bai taɓa riƙe mikisa ba, wato na'urar da ake haɗa sautuka a daidaita su. Maɓallai ana koyonsu cikin 'yan makonni, amma kunne ba ya samuwa haka.

Yaron da ya saba matse tsirkiyar kalangu a hammata ya san fata tana saki da damina, ta ɗaure da hunturu, don haka kullum yana sauraron kayansa. Da makirufo ya fara ƙara, kafin ta zama kuwwar da ke toshe kunnen jama'a, ya riga ya rage. Dalilin kuwwar ɗaya ne: makirufo ya jiyo lasifika. Maganinta a kafa lasifikoki gaba da mai magana, su ba shi baya.

Abin da gidan kiɗa ba ya koyarwa shi ne lissafin wuta, kuma nan ake asara. Ana kunna mikisa da farko, amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, a ƙarshe. Wajen kashewa a fara da amfilifaya, in ba haka ba bugun wutar zai daki lasifika. Lasifika biyu masu om 8 (om ma'aunin turjiyar lasifika ga wuta ne) in aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa (parallel) a layi ɗaya sun koma om 4, yawancin amfilifaya suna ɗauka. Aka ƙara biyu sun koma om 2, sai zafi, sai ƙauri. Janareta mai kVA 5 (ma'aunin girman janareta) kuwa wat 4,000 ne ƙarfinsa na gaskiya, kuma ba a cika shi maƙil. Kada a yarda masu biki su jona firiza a kai, don duk lokacin da ta tashi wuta za ta faɗi. Jar fitilar amfilifaya in ta tsaya a kunne, ƙaramar lasifikar sama ce za ta fara ƙonewa. Ɗan gidan kiɗa yana son sauti ya cika fili, shi ya sa sai an yi ta ja masa kunne a kan wannan fitilar.

Sai sanin taro. Kamu daban, wuni daban, walima daban. Wanda ya yi amshi ya san lokacin da uwar amarya ta miƙe, ya san a sassauta kiɗa don a ji kiran sunanta, ya kuma kashe komai da an kira sallah ba sai an aiko ba. Wannan ke sa a sake kiranka bikin ƙanwa.

Wajen kuɗi ne tarbiyyar ke da fuska biyu. Ɗan tashe ya iya rabo: a zube abin da aka samu gaban kowa, a raba a wurin, ba rigima. Amma ya saba da liƙi, wato abin da aka ba ka shi ne rabonka. Kamfani ba ya tafiya haka. Mu muna karɓar rabin kuɗi kafin alƙalami, a rubuta lokacin tashi, da wanda zai sayi mai, da kuɗin mota in aikin Kumo ne ko Dukku ko Bajoga. Daga kowane aiki a ware na gyara kafin a sallami yara, domin ƙurar hunturu tana toshe fankar amfilifaya, wayoyi kuma ba sa shekara.

Azumi babu biki. Kayan sai su koma wuraren tafsiri a kan kuɗin wata, inda lasifika biyu da makirufo mai waya sun wadatar. Manyan kuma a kwance su, a hure ƙura, a sake liƙa kwanon lasifikar da ya yage, tunda daga Sallah ƙarama ranakun Juma'a zuwa Lahadi ba sa zama babu aiki.