Hazon da Na Ɗauka Gargaɗin Dutsen Etna Ne

A makon jiya na tsaya a gefen dutsen Etna mai aman wuta da ke tsibirin Sisili a Italiya, ina kallon wani ɗalibi yana kafa kyamararsa ta awon hayaƙi a kusa da inda ya ajiye mota. Na tambaye shi ina kwalaben gwaji, wato waɗanda ake daidaita awon kyamarar da su, sai ya ce, "Malam, ai na gwada tun da safe, manhajar za ta gyara sauran." Jikina ya yi sanyi, domin wannan maganar ce na faɗa wa kaina shekarun baya.

Kyamarar tana auna iskar farar wuta, wato SO2, ta hanyar hasken rana na altarabayolet wanda ido ba ya gani. Iskar tana shanye hasken da ke kusa da nanomita 310 (nanomita ma'auni ne na tsawon zangon haske), amma ba ta damuwa da na 330, don haka ake ɗaukar hoto biyu ta gilasan tace haske guda biyu, bambancin da ke tsakaninsu ya nuna yawanta, sannan a haɗa da saurin tafiyar hayaƙin a fitar da tan nawa dutsen ke fitarwa a rana. An fara nuna amfanin wannan dabara a dutsen Sakurajima na Japan a 2006, kuma lokacin da ta zo hannuna na ɗauka awo ya zama abu mai sauƙi.

A wancan lokacin, a Etna, kwanaki a jere na riƙa kafa kyamara a wuri mai nisa, saboda hawa da kaya yana da wuya kuma daga can ana ganin hayaƙin gaba ɗaya. Sau ɗaya nake sa kwalaben gilashin nan masu ɗauke da iskar da aka san yawanta a gaban kyamara, alhali rana tana tafiya kuma hasken sararin sama yana sauyawa. Sai alƙaluma suka fara sauka. A raina akwai labarin Pinatubo na ƙasar Filifin, inda a 1991 iskar ta tashi daga kimanin tan 500 a rana a tsakiyar Mayu zuwa fiye da 5,000 a ƙarshen watan, ta faɗi warwas a farkon Yuni, sannan dutsen ya fashe ranar 15 ga wata. Na rubuta wa magabatana cewa wataƙila maƙogwaron dutsen Etna ya toshe. Har yau ina ganin tsorona yana da dalili, domin wanda ya ga irin wannan alamar ya yi shiru ya fi ni laifi, kuma a lokacin ba a gama fahimtar matsalar hazo ba kamar yanzu. Amma gaskiya ita ce ina son in zama wanda ya fara gani, kuma son ya hana ni duba sararin da ke gabana. Hazo ne ya cika tsakanina da hayaƙin, yana watso hasken da bai taɓa ratsa iskar ba cikin kyamara, awon ya fito ƙasa da gaskiya. Wata abokiyar aiki da ta bi ta ƙarƙashin hayaƙin a mota da na'urarta ta samu dutsen bai sauya komai ba. Ba wanda ya tsawata mini, sai dai na daɗe ina lura da yadda ake sake duba kowane adadi da na kawo.

Na yi niyyar jero muku shawarwari da yawa, ƙannena, amma kaɗan ne suka rage. Ku maimaita gwaji da kwalabe duk lokacin da haske ya sauya, kuma kada ku aika adadi sai wata na'ura ta daban ta gaskata shi. Ku matsa kusa da hayaƙin, ku daina tsayawa inda mota ta tsaya. Ban ce ku hau bakin ramin ba, domin a dutsen Galeras na Kolombiya, da ya yi aman wuta ranar 14 ga Janairun 1993, mutum tara suka mutu, shida daga cikinsu masana, kuma babu adadin da ya kai ran mutum. Idan zaɓi ya rage tsakanin nisa da haɗari, ku tsaya nesa ku rubuta cewa awonku yana da rauni. Haka kuma kada jiran tabbaci ya sa ku danne abin da ya tsorata ku, ku faɗa, amma ku haɗa da yanayin hazo da toka na ranar.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne yaran yanzu sun fi kallon allon kwamfuta a kan dutsen da suka zo aunawa, kuma da yawansu ba su taɓa lissafa saurin hayaƙi da hannu ba. Ɗalibin nan sai da na maimaita masa sau biyu kafin ya koma mota ya ɗauko kwalaben, muka saɓi kayan muka ƙara hawa.