Kwana uku a ƙasar inabi ta Harzegobina

Wurare tara na rubuta a takarda kafin mu bar Jamus, kuma duk a cikin kwana uku nake so mu gama su: Mostar, Blagai, Pocitel, Citluk, magangarar ruwan Krabitsa, Mejugorye, Stolats, Trebinye, har da Dubrobnik ta ƙasar Kuroshiya idan lokaci ya bari. Uwargida ta karɓi takardar ta duba sama da ƙasa, ta ce, "Malam, hutu ka ce za mu je yi. Wannan ai fatauci ne." Ta ɗauki biro ta ja layi a kan biyar na ƙarshe. Na yi ta gardama a daren, don a taswira duk wuraren kamar a tafin hannu suke. Ta ce taswira ba ta nuna rana, ba ta nuna hawan dutse. Na haƙura aka bar huɗu.

Abin da ya ja ni zuwa Harzegobina, yankin kudancin ƙasar Bosniya, inabi ne. Kawuna yana noman inabi a Hunkuyi ta ƙaramar hukumar Kudan, kuma tun ina yaro nake ganin wahalar da shukar take ba shi: kafa rumfa, datse rassa, ban ruwa, korar tsuntsaye. Wani abokin aikina ɗan Bosniya ya taɓa ce min a kudancin ƙasarsu a kan dutse ake noman inabi, a wurin da da kyar za ka samu ƙasar da za ta cika tafin hannu. Maganar ta tsaya min a rai. Ya kuma faɗa min gaskiya cewa yawancin inabin giya ake yi da shi. Ni ba na shan giya, uwargida ma haka, kuma sai da muka zauna muka yi shawara a kan ko akwai abin da zai kai mu irin wannan wuri. Muka tsayar da magana cewa gona za mu je gani da manomi, ba za mu zauna a teburin sha ba.

Mun zaɓi tsakiyar Satumba, lokacin girbi. Bosniya ba ta cikin Tarayyar Turai, saboda haka tun da wuri na tabbatar takardar zamanmu ta Jamus za ta ishe mu shiga da fasfon Najeriya. Kuɗinsu marka ne, yuro ɗaya kusan marka biyu, kuma na canza tsabar kuɗi a Sarayebo, babban birnin ƙasar, a daren Alhamis da muka sauka. Wannan ya yi mana rana daga baya, don masu sayar da 'ya'yan itace a bakin hanya ba ruwansu da kati.

Da safiyar Juma'a muka hau jirgin ƙasa zuwa Mostar, tafiyar kimanin awa biyu. Sarayebo akwai sanyi, har da rigar sanyi muka fito. Jirgin ya yi ta shiga rami yana fita, ya wuce Konyits da Yablanitsa, kogin Neretba yana biye da mu, ruwansa kore shar. Daga Yablanitsa zuwa gaba sai ka ga itatuwa suna raguwa, duwatsu suna yin fari, ɓaure da rumman suna bayyana a bayan gidaje. Muna saukowa a Mostar iska mai ɗumi ta daki fuskata, na cire rigar na cusa a jaka, ban sake taɓa ta ba sai ranar komawa.

Na samu Juma'a a masallacin Karajoz Beg, ginin zamanin Daular Usmaniyya ta Turkawa na wajen 1557. Huɗubar da harshensu aka yi, amma ayoyin da salatin duk wanda ya tashi a Zazzau zai gane su, kuma dattijon da ke gefena ya riƙe hannuna da hannu biyu bayan an sallame. Da na fito sai zumuɗi ya kwashe ni, na ce wa uwargida mu wuce tsohuwar gadar garin da ake ta magana tun da ƙafa ce kawai. Ƙarfe biyu na rana ke nan. A nan na yi kuskuren da ya kusa ɓata mana yinin. Mostar tana cikin kwari, duwatsu sun kewaye ta, zafi ya shiga ba ya fita. A tsakiyar bazararsu yakan wuce digiri 40, kuma ko a Satumba rana tana da ƙarfinta. Duwatsun da aka shimfiɗa a tsohuwar kasuwa sun goge sun yi santsi, suna mayar da zafi ta tafin takalmi. Ga cunkoson baƙi da motocin yawon buɗe ido suka sauke. Kafin mu kai tsakiyar gadar kan uwargida ya fara sarawa, muka juyo.

Matar da muka sauka a gidanta ta gan mu mun shigo a jigace. Ta zaunar da mu a tsakar gida ƙarƙashin rumfar inabi, ta kawo ruwan sanyi, sannan ta kawo gahawa a ƙaramar butar tagulla da 'yan kofuna marasa mariƙi da alawa mai laushi a gefe. Kalma ɗaya ta yi ta maimaitawa, "polako", wato a hankali. Ta nuna agogo, ta nuna rana, ta ɗaga yatsu biyar. Na gane maganarta sarai, don a garinmu ma ba wanda yake fita yawo tsakanin azahar da la'asar a watan Afrilu sai mai lalura. Mamakin da na yi shi ne yadda jin sunan Turai kawai ya sa na manta abin da na sani tun ina ƙarami. Daga wannan rana muka raba yini gida uku: fita da sassafe, kwanciya da rana, sake fita bayan la'asar.

Da yamma gadar ta zama wani abu daban. Baka ɗaya ce ta farin dutse a kan Neretba, wadda Mimar Hairuddin, almajirin babban magini Sinan, ya kammala a 1566 a zamanin Sarkin Turkawa Sulaiman. Ta yi sama da shekara 400 a tsaye, aka rushe ta da harsasan igwa ranar 9 ga Nuwamba 1993 lokacin yaƙin Bosniya, aka sake gina ta aka buɗe a Yulin 2004. Samarin garin suna tara kuɗi daga baƙi, idan ya kai sai ɗayansu ya yi tsalle daga tsayin sama da mita 20 zuwa cikin ruwan da sanyinsa yake kama ƙashi. Mun sauka bakin kogin muka zauna a kan dutse har aka kira magariba, kiran yana fitowa daga hasumiyoyi da yawa lokaci guda, can ƙetare kuma ƙararrawar coci.

Asabar ita ce ranar da na zo dominta. Na karɓi motar haya da ƙarfe bakwai, muka haura zuwa tudun Brotnyo inda garin Citluk yake, kimanin kilomita 20 daga Mostar. Abokin aikina ne ya haɗa ni da wani manomi, dattijo da ya yi shekaru yana aikin gini a Jamus kamar mutane da yawa na yankin, don haka da Jamusanci muka yi hira. Tun a waya na gaya masa mu Musulmi ne, ba ma sha, gona muke son gani. Ya ce to, mu zo da wuri kafin rana ta ɗaga. Wannan faɗin gaskiya tun farko shi ya sauƙaƙa komai, don ba a kai ga miƙo mana kofi mu tsaya muna kame-kame ba.

Gonar ta fi abin da aka ba ni labari. Na durƙusa na ɗebi abin da ke gindin shuka: tsakuwar farin dutse ce, sai 'yar jar ƙasa a tsakanin. Ya ce ruwan sama ba ya zama a nan, yana zurarewa ta tsagar dutse ya tafi ƙarƙashin ƙasa, dole saiwar ta bi shi. Dutsen yana shan zafi da rana ya sake shi da dare, shi ya sa 'ya'yan suke nuna sosai. Ya tsinko min ƙwaya ɗaya ta farin inabinsu da suke kira Jilabka, ya ce in ɗaga ta saitin rana. Na ga siraran jijiyoyi a cikin fatar, kuma ana cewa daga kalmar jijiya a harshensu sunan ya fito. Ƙwayar ƙarama ce, ba ta kai irin wadda kawuna yake kai wa kasuwa ba, fatarta da kauri, amma zaƙinta ya fi ƙarfin baki.

Inda na fi daɗewa shi ne layin baƙin inabin, Blatina. Ya nuna min cewa tsakanin layukan akwai wani iri daban da aka dasa, Trinyak. Dalili kuwa furen Blatina ba ya iya yi wa kansa barbara, sai garin furen wani iri ya zo masa. Idan ruwan sama ya sauka a makon da take fure, garin ba ya tashi, shekarar ta tafi ke nan, nonon inabin ya fito da giɓi-giɓi. Saboda haka manoma suke mata laƙabi da mai barin gangar giya wayam. Na tambaye shi me ya sa bai tumɓuke ta ya dasa wadda ba ta ba da wahala ba. Ya ce mahaifinsa ne ya dasa layin farko, kuma a shekarar da ta yi kyau ba abin da ya kama ƙafarta. Na tuna yadda manomanmu suke riƙe irin dawar gado ko da an kawo musu sabon iri mai saurin nuna. A Citluk suna alfahari da wata takarda ta 1353 ta mai mulkin Bosniya Tabartko, wadda ta ambaci giyar yankin. Noman ya daɗe a hannunsu.

Ya ba mu almakashi muka taya su yanka na kusan awa ɗaya, hannu duk ya yi danƙo, zuma da rina suna ta shawagi a kan akwatuna. Bayan nan ya nuna mana injin matsa da manyan tankunan ƙarfe daga bakin ƙofa. Matarsa ta kawo ruwan inabin da aka matse a safiyar nan. Na tambaya sau biyu ko na yau ne, don na san a irin wannan ɗumi kwana ɗaya ko biyu ya isa ya fara tsami ya juya. Ta kai ni ta nuna min yana ɗiga daga injin. Launinsa gurɓatacce ne kamar kunun tsamiya, sanyi-sanyi, kuma kofi ɗaya ya ishi mutum.

Batun abinci a nan sai an kula. Yammacin Harzegobina yawanci Kiristoci 'yan Katolika ne, kuma abin da suke fara karrama baƙo da shi busasshen naman alade ne da aka yanka falle-falle. A gabashin Mostar da Blagai kuwa Musulmi ne suka fi yawa, nama ba matsala. Da yake mun yi bayani tun farko, cukun da ake ajiyewa a cikin salkar fatar tunkiya aka kawo mana, mai gishiri da ƙarfin ƙamshi, da burodin gida da tumatir da ɓaure. Muka ci a inuwa, muka yi sallama kafin azahar. Ya ƙi karɓar kuɗi, sai uwargida ta sayi zuma da busasshen ɓaure a hannun matar.

Bayan la'asar muka gangara Pocitel, ƙauyen dutse da ya manne a jikin tudu a bakin Neretba, da ganuwa da hasumiyar agogo da masallacin Haji Aliya na ƙarni na 16, wanda aka lalata a yaƙi aka sake gyarawa. Matakalar tana da yawa. Mun hau rabi, muka sayi ruwan rumman a wurin wata tsohuwa, muka zauna a kan katanga muna kallon kogin. Daga nan Krabitsa ba nisa, kuma na ji zuciyata tana cewa mu ƙarasa. Na dubi uwargida ta cire takalmi ta miƙe ƙafa, ban ma ta da maganar ba.

Lahadi muka ba Blagai ita kaɗai, kilomita 12 daga Mostar. Kogin Buna yana fitowa ne gaba ɗayansa daga bakin kogo a gindin wani dutse miƙaƙƙe mai tsayin kusan mita 200, kuma a jikin dutsen aka gina zawiyyar sufaye tun wajen 1520. Mun isa kafin motocin baƙi. Aka cire takalma, muka shiga ɗakunan katako masu shimfiɗu, na yi nafila a ɗakin da tagarsa take kallon ruwa. Ruwan da manomin ya ce yana ɓacewa a tsagar dutse, ga irinsa nan yana dawowa fili da ƙarfinsa, da sanyin da ba ka iya barin hannu a ciki minti ɗaya. Muka ci gasasshen kifi a bakin kogin, muka zauna har inuwar dutsen ta matsa daga kanmu.

A jirgin yamma na komawa Sarayebo na kira kawu ta WhatsApp. Na ba shi labarin tsakuwar da jar ƙasar, da inabin da ba ya haihuwa sai an dasa masa maƙwabci. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni tazarar da suke bari tsakanin layi da layi, da tsayin wayar da suke ɗaure rassan. Na auna da takuna a gonar, na kuma rubuta a bayan takardar nan mai wurare tara. Na ciro ta daga aljihu na karanta masa.