Saƙon Godiya Bayan Nuna Fim ɗin Manoman Maraɗi da Tawa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

A madadin kwamitin da ya shirya taron nuna fim da neman gudummawa da aka gudanar a Katsina ranar Asabar da ta gabata, ina miƙa godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya nufa aka fara lafiya aka tashi lafiya, sannan ga duk wanda ya ajiye harkokinsa ya zo, ya sayi tikiti, ya kuma zauna har aka shafa addu'ar rufewa. Muna godiya ga iyayenmu masu riƙe da sarauta da malamanmu da suka sa wa taron albarka, da hukumar makarantar da ta ba mu ɗakin taronta ba tare da ta karɓi ko sisi ba, da kuma ɗan'uwan da ya garzaya ya kawo janaretonsa lokacin da aka ɗauke wuta ana tsaka da kallo.

Godiya mafi girma, a ganina, ta manoman da suka fito a cikin fim ɗin ce, domin su ne suka buɗe wa matasanmu masu ɗaukar hoto gonakinsu, suka yi bayanin aikinsu da Hausar da kowa a ɗakin yake ji. Yawancinmu mun taso muna ganin cewa gonar kirki ita ce wadda aka share ƙal, aka sassabe kowane tsiro aka ƙone kafin damina. Sai ga shi mun ga wani magidanci a jihar Maraɗi ya durƙusa gaban kututturen kalgo, yana duba tohon da ya fito ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi 'yan ƙalilan masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran da wuƙa mai kaifi, ya kuma rage musu rassan ƙasa domin su miƙe. Wannan shi ne sassabin zamani, wanda ya fara yaɗuwa a can tun wajen 1983, lokacin da Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostareliya, ya lura cewa saiwoyin itatuwan da aka sare suna nan da ransu a ƙarƙashin ƙasa. Fari da yunwar 1984 sun sa mutane da dama suka gwada, kuma daga baya masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200 a jihohin Maraɗi da Damagaram, akasarinsu ba dasa su aka yi ba. Wanda ya ga yadda gero ya yi kyau a gindin gawo, itacen da ke zubar da ganyensa da damina ya takince ƙasa, ya kuma ciyar da dabbobi da 'ya'yansa da rani, ba ya buƙatar dogon bayani.

Haka nan muna godiya ga manoman Illela ta jihar Tawa, waɗanda suka nuna mana tassa. Ana haƙa ƙananan ramuka a kan faƙo tun da rani, a tara ƙasar da aka fitar a gefen gangare domin ta tare ruwa, a zuba takin gargajiya cikin tafin hannu ɗaya ko biyu, sai gara ta shiga ta huda ƙasar, ta yadda ruwan farko zai nutse maimakon ya gudu. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda dabarar ta ƙarfafa a Illela: a 1989 aka kai wasu manoman yankin ziyara Yatenga ta Burkina Faso, ƙasar marigayi Yakubu Sawadogo, manomin da ya yi suna wajen farfaɗo da wannan dabara, suka gani da idonsu, suka dawo suka gwada, maƙwabta kuma suka kwaikaya. Shi Sawadogo, wanda ya rasu a Disambar 2023, ya samu lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, a shekara ɗaya da Rinaudo.

A kan wannan misali muka gina manufar gudummawar. A yau da buhun takin zamani ya fi ƙarfin ƙaramin manomi, ba mu ga hikimar sayen 'yan buhuna mu raba su ƙare a damina ɗaya ba. Kuɗin da aka tara za a kashe su ne wajen kai manoma maza da mata daga ƙauyukanmu zuwa gonakin takwarorinsu na Maraɗi, idan hanya ta yi kyau, da sayen diga da shebur da amalanke, da kuma zagayawa da majigi domin waɗanda ba su iya zuwa birni ba su kalli fim ɗin a dandalin garinsu. Muna godiya ga 'yan kasuwa da ma'aikata da ɗaliban da suka bayar gwargwadon hali, da 'yan'uwanmu mazauna ƙetare da suka turo nasu ta banki. Ba zan manta da maƙerin da ya miƙe a bayan ɗaki ya ce ba shi da kuɗin da zai ajiye ba, amma idan aka kawo masa ƙarfe zai ƙera kayan haƙan bai karɓi ladan aiki ba. Allah ya sa albarka a maƙerarsa.

Dole ne kuma in gode wa wani dattijo, Babanmu daga yankin Jibiya, wanda ya yi tambayar da ta fi kowace nauyi. Ya nemi a faɗa masa wanda zai tsare masa itacen idan ya shekara yana renonsa, masu neman itacen girki ko masu yi wa dabbobi sassabe suka zo da dare suka sare. Tambayar tana kan hanya, domin a Nijar ma aikin bai yi ƙarfi ba sai da manomi ya tabbata cewa itacen gonarsa nasa ne, ba na ma'aikatan gandun daji ba, har gwamnati ta fitar da doka a 2020 da ta tabbatar masa da wannan haƙƙi. A Ɗan Saga ta yankin Agiye, mutanen gari ne suka kafa kwamitin tsaron itatuwa, suka sa mata da makiyaya a ciki, suka yanka tara a kan wanda ya karya doka. Saboda wannan tambaya ta Baba, kwamitinmu ya yanke shawarar cewa ba za a kai kayan aiki kowane ƙauye ba sai an fara zama da mai gari da limami da arɗo da shugabar mata an amince da ƙa'ida.

Za a kafa cikakken lissafin abin da ya shigo da abin da aka kashe a ƙofar ɗakin da aka yi taron da zarar ma'aji ya kammala tattara alkawura, kuma muna roƙon waɗanda suka yi alkawari su cika kafin ƙarshen wata, domin haƙan tassa aikin rani ne, ba ya jiran saukar ruwa. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ba mu damina mai albarka, ya kuma dawo mana da zaman lafiya a gonakinmu.

Sakataren kwamitin shirya taro, Katsina.