Abin da kajin gidanmu suke faɗa

A gidanmu da ke Mai Wurno, kusa da garin Sinnar a ƙasar Sudan, kakata ce ta koya mini sauraren kaji, domin takan ce mai kiwon da bai san muryar dabbarsa ba, ciyarwa kawai yake yi. Carar zakara da asuba kowa ya san ta, kuma shelar mallakar fili ce ga sauran zakaru. Kyarkyarar kaza kuwa takan nuna cewa ta saka ƙwai, sai a leƙa akurki.

Wanda ya fi burge ni shi ne kukan gargaɗi, saboda iri biyu ne. Idan shirwa ta gifta a sama, zakara yakan ja wata siririyar ƙara, nan take 'yan tsaki su shige ƙarƙashin uwarsu. Idan kuma muzuru ne ya biyo ta ƙasa, sai a ji kuka mai yankewa ana maimaita shi, kowace kaza ta miƙe wuya tana dube-dube. Kaza mai kwanci, wadda take shafe kwana 21 a kan ƙwai, gurnani take yi idan an matso ta, kuma a ganina gara a ƙyale ta, domin na taɓa shan sara a hannu.