Kusugu da surutun Abba

Asabar. Inna ce ta ce za ta je Daura gaida ƙanwarta, mu kuma muka maƙale mata: ni, Ummi, da Abba wanda tun da ya dawo daga bautar ƙasa a Badagry ta jihar Legas bakinsa bai huta ba. Yaya ya ba da mota amma bai ba da kuɗin mai ba, kun dai san halinsa. Da hantsi muka bi ta Mashi.

Gaishe-gaishe, dambu, fura mai sanyi. Bayan azahar Ummi ta nace sai an kai ta Kusugu, wai an yi masu labarin Bayajida a makaranta.

Rijiyar tana cikin gini, sai an shiga ake ganinta. Mai kula da wurin ya jero mana labarin yadda aka saba: macijiya Sarki da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, baƙon da ya sauka gidan tsohuwa Ayana, wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa, aurensa da Daurama, har zuwa Bawo da Hausa Bakwai. Ummi ta saki baki. Aka ɗebo ruwa, kowa ya kurɓa.

Sai Abba ya leƙa, ya ɗago, ya ce, "Inna, wai shi ke nan? A Badagry fa abu kike gani da idonki. Ga benen da 'yan mishan suka gina a 1845, ga sarƙoƙin bayi, har sai da na ɗaga guda, nauyi kamar me. A sa ki a kwalekwale ki haye tsibirin Gberefu, ki taka har bakin teku inda ake loda su a jirgi. Can ma akwai rijiya a hanya, an ce bawa in ya sha ruwanta sai ya manta gida."

Inna ta ce, "Kai ka sha?"

"A'a."

"Shi ya sa ka gane hanya."

Har mai kula da rijiyar ya yi dariya. Amma tana gyara mayafi ta ƙara da cewa, "Waɗanda aka ɗaura wa sarƙar da ka ɗaga, 'ya'yan wa ne?" Ba ta jira amsa ba, ta yi gaba abinta.

Wannan tambayar ce ta hana ni sakewa har muka iso gida. Abba yana ba da labarin Badagry ne kamar tarihin Yarabawa da Turawa, mu 'yan kallo. Alhali cikin waɗanda aka fitar ta wancan bakin teku akwai Hausawa da yawa, yawansu ya kai har suka shirya tawaye a Bahia ta Brazil a 1807. A boren bayi Musulmi na 1835 a birnin Salvador ma an samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Wani ƙila a tsangayar wani ƙauye nan kusa ya koyi riƙe alƙalami. Kuma ba Bature ne ya zo har nan ya kamo su ba. Yaƙi da hari ne na cikin gida, a sayar, wani ya sake sayarwa, har a dangana da ruwa. Sai 1936 doka ta haramta bauta gaba ɗaya a Arewa, lokacin kakar Inna tana da rai.

Su can sun ajiye sarƙa suna nuna wa yara. Mu macijiya muke nunawa, labari mai daɗi wanda ba ya sa kowa sunkuyar da kai. Ba na raina Kusugu, Allah ya sani, ina son wurin. Amma na fi son a ce akwai inda zan kai Ummi a faɗa mata ɗaya labarin ma.

Ba mu samu shiga fada ba, la'asar ta yi. Ummi ta yi barci tun kafin Mashi. Abba shiru, sai danna waya.

Yaya ya kira yana tambayar wa ya goge masa gefen mota. Na ce ya tambayi ɗansa Abba.